Siranta daban, rama daban: amsa ga amaryar da aka kawo wa sha-ka-fashe

"Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Shekarata 24, ina makarantar gaba da sakandare, kuma an sa ranar aurena nan da wata huɗu. Tun ina ƙarama ni siririya ce, amma daga bara zuwa yanzu na ƙara zubewa, kayan da na ɗinka da ƙaramar sallah duk sun yi mini yawa. Na hau sikeli a kemis na ga kilo 43, alhali da ina kai 48. Tsawona mita 1.62. Ina yawan gajiya da jiri, gashina yana zuba, al'adata ma wata uku ke nan ban gan ta ba, kuma da ba ta saɓa mini. Dangin wanda zan aura sun fara ƙananan maganganu, har gwaggona ta kawo mini wani magani wai sha-ka-fashe, ta ce cikin sati uku zan ciko. Don Allah ramar nan tana da illa ga lafiya, ko kuwa surutun mutane ne kawai? Kuma in sha maganin?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren, ya nuna mana lokacin lafiya.

Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce ba ta jira: kada ki sha maganin nan, ko ƙwaya ɗaya. Idan kuma kin riga kin fara, har kin kwashe sati biyu ko uku kina sha, to kada ki yanke shi rana ɗaya. Ki ɗauki ledarsa ko kwalbarsa ki kai wa likita ya tsara miki yadda za ki sauka daga kansa. Dalilin zai zo a gaba.

Tambayar farko kuwa sai mun zauna. Kina so ki san ko ramarki ciwo ce ko bakin mutane ne. Hausa ta riga ta raba mana gardamar, don ta ba mu kalma biyu. Akwai siranta, akwai rama. Siririya haka Allah ya ƙera ta: uwarta haka take, goggonninta haka suke, tana ci tana ƙoshi, tana aikinta ba haki, al'adarta na zuwa a kan kari, sikelinta yana wuri ɗaya shekara da shekaru. Wadda ta rame kuwa da tana da jiki, jikin ne ya tafi. Shi ya sa idan an kwana biyu ba a ga mutum ba, aka gan shi ya rame, abin da ke fara fita daga baki shi ne "lafiya kuwa?" Ke kin haɗa biyun. Sirantarki ta asali ba ni da abin cewa a kanta, kuma dangin miji ma ba su da shi. Amma kilo 5 da suka tafi cikin shekara guda ba tare da kin nema ba, ga jiri, ga zubar gashi, ga ɗaukewar al'ada, wannan ba surutun kowa ba ne. Jikinki ne ke magana.

Abin da sikeli ya faɗa

A asibiti muna haɗa nauyi da tsawo mu fitar da lamba guda da ake kira BMI. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Naki: 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, kilo 43 a raba da 2.62 ya ba da kusan 16.4. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum da lambarsa ta gaza 18.5 nauyinsa bai kai ba. Daga 17 zuwa 18.4 ƙarancin mai sauƙi ne, daga 16 zuwa 16.9 matsakaici, ƙasa da 16 kuwa mai tsanani. Kina tsakiya, kuma kin fi kusa da bakin rami fiye da bakin tudu. Lokacin da kike kilo 48 lambarki 18.3 ce, wato kina dab da iyaka, kuma da a lokacin kika rubuto mini kina cikin ƙoshin lafiya, da cewa zan yi ki rabu da masu magana ki ci gaba da harkarki.

Wannan lamba ba alƙali ba ce. Ba ta san ƙashi da tsoka da kitse ba, ba ta san gado ba, ba a kuma amfani da ita haka kai tsaye ga yara ko masu ciki. Na sha ganin mata, musamman daga rugage, dogaye sirara da lambarsu ke wajen 18, suna tafiyar kilomita da ƙwaryar nono a ka, jininsu cike, haihuwarsu lafiya lau. Abin da ya fi lambar nauyi a wurina shi ne alkiblar da sikeli ya nufa. Ƙa'idarmu ita ce duk wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa tsakanin wata shida zuwa shekara, ba don ya so ba, sai an bincike shi. Ke kin zubar da fiye da kashi 10.

Abin da rama ke ci a ɓoye

Ki ɗauki jiki kamar gida mai rumbu. Kitse da tsoka su ne hatsin da aka ajiye. Idan maigida ya leƙa rumbu ya ga ba zai kai kaka ba, ba ya fara da hana yara tuwon dare. Abin da ba dole ba yake fara yankewa: a ɗage biki, a fasa ɗinki, a bar gyaran katanga sai baɗi. Jiki ma haka yake yi. Zuciya da ƙwaƙwalwa da numfashi ba a taɓa rabonsu sai ƙarshe. Gashi kuwa ado ne, sai a bar shi ya zuba. Ɗumin jiki a rage, shi ya sa ramammu ke jin sanyi wasu na fifita. Haihuwa kuma ita ce babban bikin da ake fara ɗagewa, domin ɗaukar ciki da shayarwa suna cin hatsi mai yawa. Ƙwaƙwalwa na lura da yawan kitsen da ke jiki da kuma abincin da ke shigowa, in ta ga ba su isa ba sai ta rage saƙon da take aika wa ƙwayayen haihuwa. Ƙwai ya daina fita, al'ada ta ɗauke.

Mata da yawa ba sa ɗaukar wannan da zafi, wasu ma hutu suke gani. Ni kuwa shi ne abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki, saboda ƙashi. Sinadarin mata da ake kira estirojin, wanda ke juya al'ada, shi ne kuma mai gadin ƙashi. Mutum yana gina ƙarfin ƙashinsa ne tun ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30, daga nan sai cin abin da aka tara. Mace mai shekara 24 da al'adarta ta ɗauke saboda rama tana asarar ƙashi a daidai shekarun da ya kamata ta tara shi, kamar manomin da ya kwanta ciwo a tsakiyar damina. Ba a jin zafinsa yanzu. Sai an kai shekara hamsin ko sittin a ga baya ya ranƙwafa, ko a zame a banɗaki ƙugu ya karye. Kuma abin da aka rasa a waɗannan shekarun ba kullum yake dawowa duka ba, ko da jiki ya dawo. Wata uku ba su yi yawa ba tukuna. Shekara biyu sun yi.

Sai jini. Jiri da gajiyar da kike ji sun sa ina zargin ƙarancin jini, domin wanda abincinsa ya gaza a yawa yakan gaza a sinadarin ƙarfe da sauran abubuwan da ake haɗa jini da su. Ga macen da ba ta da ciki, awon himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, idan ya gaza 12 ƙaranci ne. Ramammu kuma hawan jininsu yakan yi ƙasa, shi ya sa idan kin miƙe da sauri kike ganin duhu-duhu.

Garkuwar jiki ita ma daga abinci ake gina ta. Zazzaɓin cizon sauro ko taifot da zai kwantar da mai jiki kwana biyar ya tashi, ramamme sai ya yi sati uku yana jan ƙafa, saboda ba rumbun da zai ɗiba a kwanakin da ba ya iya ci. Ciwo ya daɗe bai warke ba, ɗinkin tiyata ya ƙi kamewa da wuri. Tarin fuka kuwa shi da rama kamar ɗan juma ne da ɗan jummai: rama na buɗe masa ƙofa, shi kuma yana ƙara ramar. An gwada wannan a zahiri a jihar Jarkand ta Indiya, aka fitar da sakamakon a 2023. Iyalan masu tarin fuka aka riƙa ba kayan abinci duk wata, ba wani sabon magani ba, sai aka ga waɗanda suka kamu a cikinsu sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari idan an kwatanta da gidajen da ba a ba iyalan ba.

Akwai kuma abin da rama ke yi wa hali, wanda mutane ba sa dangantawa da ita. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu da suka amince da kansu, aka rage musu abinci da kusan rabi har tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, sanyi ya addabe su, amma abin da ya fi jan hankali shi ne yadda suka koma: saurin fushi, ƙunci, janye jiki daga mutane, kasa tattara hankali. Mutanen nan lafiyarsu ƙalau kafin a fara. Na kawo miki wannan ne don ɗaliba ce ke. Idan kin lura karatu ya daina zama, ko ƙaramin abu na sa ki kuka, kada ki yanke wa kanki hukuncin lalaci ko baƙin hali.

Tunda aure ke gabanki, dole in taɓo ciki. Macen da ta ɗauki ciki tana ƙasa da nauyi ta fi fuskantar haihuwar bakwaini da haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi, wato ƙasa da kilo 2.5. Idan ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kai ta ga halaka. Abin ma ba ya tsayawa a ɗakin haihuwa. A ƙasar Holan an yi wata muguwar yunwa a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin mamayar Jamus, kuma da aka bi rayuwar waɗanda ke cikin uwayensu a lokacin, an tarar ciwon siga da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu bayan sun manyanta. Sai dai kada ki bari a tsorata ki da cewa siririya ba ta iya haihuwa da kanta. Ba kitse ke buɗe hanyar haihuwa ba.

Ina kilo biyar ɗin suka tafi?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne wasiƙa ba ta isa ba. Ban ga idonki ba, ban taɓa wuyanki ba, ban saurari ƙirjinki ba. Abin da zan iya shi ne in faɗa miki yadda nake tunani idan irinki ta zauna a gabana.

Jiki na zubewa ta hanya uku: ko abin da ke shiga ya ragu, ko yana shiga amma ba ya zama, ko kuma akwai abin da ke ƙone shi da sauri.

Na fi cin karo da ta farko, musamman ga ɗalibai. Idan na tambaya "kina cin abinci?" kowa cewa take "ina ci sosai." Sai na ce ta lissafa mini abin da ya shiga bakinta tun jiya da asuba. Shayi da biredi da safe, in an samu. Lacca har la'asar, an sha ruwan leda da biskit. Da dare indomi ɗaya. Wannan ba ya riƙe babbar mace mai zirga-zirga. Wasu tsadar rayuwa ce, kuɗin abincin wata ya ƙare a kwana ashirin, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa wa likita haka, domin yana sauya shawarar da zai bayar. Wasu gyambon ciki ne ke sa su tsoron ci. Wasu kuma damuwa ce. Kin ce ramar ta fara bara. Me ya faru bara? Rasuwa aka yi, ko jarrabawa ce ta yi nauyi, ko maganar auren nan ce? Ina tambayar amare wannan a keɓe, ba a gaban uwa ko gwaggo ba, domin na taɓa bincikar wata yarinya ciki da bai, komai ya fito lafiya, sai a zuwa na uku ta fashe da kuka ta ce auren ba da son ranta ba ne. Ba ina cewa haka naki yake ba. Ina cewa ciwon damuwa ciwo ne na gaske, yana toshe ciki, yana hana barci, kuma yana da magani. Akwai kuma 'yan matan da ke ƙuntata wa kansu abinci da gangan, ko su ci su je su amayar, saboda tsoron ƙiba ko da sun zama ƙashi da rai. Da ana cewa ciwon Turawa ne. Yana nan a cikinmu, kuma yana kisa idan an ƙyale shi.

Ta biyu, abinci na shiga ba ya zama: tsutsar ciki, gudawa mai daɗewa, da wasu cututtukan hanji. Ciwon siga ma nan yake, don siga na bin fitsari ya fita. Mutane sun ɗauka ciwon masu ƙiba da tsofaffi ne, alhali akwai nau'in da ke kama matasa, kuma alamarsa ita ce rama duk da yawan ci, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau uku sau huɗu cikin dare. Digon jini ɗaya daga yatsa ke nuna shi.

Ta uku, abin da ke ƙone jiki. Tarin fuka ne a gaba, domin Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya. Tarin da ya kai sati biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare da ke jiƙa zani, ko zama ɗaki ɗaya da mai tari, ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a gwada majina. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, maganin na wata shida ne, kuma ana warkewa sarai. Sai ƙanjamau, wanda a yau mai shan maganinsa kan kari yake rayuwarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Sai ƙululun nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, wanda muke kira tayirod. Idan ya yi aiki fiye da kima, mace sai ta riƙa ci kamar gara tana ramewa, zuciya na bugawa, hannu na rawa, zafi na damunta, al'ada ta rikice, gashi ya zuba. Ya fi kama mata matasa, kuma rabin abin da kika lissafa ya dace da shi, don haka zan so a duba. Ciwon daji na ramarwa, amma a shekarunki yana can ƙarshen layi.

To idan kin je, ga abin da ya kamata a yi: a auna yawan jini, siga, ƙanjamau, fitsari da bayan gida, a duba tayirod, a gwada majina ko a ɗauki hoton ƙirji idan akwai dalili. Idan a Kano kike, tun 2024 doka ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila da ciwon sanyi na tunjere kafin ɗaurin aure, sai ki haɗa tafiyar ta zama ɗaya. Abu guda nake so ki shirya masa: duk macen da al'adarta ta ɗauke, gwajin ciki ake fara yi mata, ko budurwa ce ko matar aure. Ƙa'idar aiki ce. Kada ki ji an zarge ki, kada kuma wanda ya raka ki ya ɗauke shi cin fuska.

Sha-ka-fashe

Abin da ake sayarwa da wannan suna yawanci ɗayan biyu ne, ko haɗinsu. Na farko saifuroheftadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Likita kan rubuta shi wani lokaci na ɗan gajeren zango bayan ya san abin da ke damun mutum, amma shan sa barkatai na sa kasala da jiri, an kuma samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Na biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne deksametason, wanda ake kira deksa. Wani lokaci a fili ake sayar da shi, wani lokaci a daka shi a zuba cikin gari ko ruwan magani a kira shi haɗin gargajiya.

Deksa magani ne mai daraja a inda ya dace, muna ceton rai da shi. Amma ba ya gina jiki. Yana buɗe ciki, sannan ya kwashi kitse ya jibge a kumatu da ƙeya da ciki, a lokaci guda yana cinye tsokar hannu da cinya. Sati uku gwaggo ta ce, kuma ba ta yi ƙarya ba, za a ga fuska ta cika ta yi zagaye. Bayan wata biyu sai ƙuraje, fata ta yi sirara, nankarwa mai faɗi ta tsattsaga ciki da cinya, gashi ya fito a haɓa. A ciki kuma siga ya hau, jini ya hau, ciki ya yi gyambo, ƙashi ya ƙara zaizayewa, har akwai waɗanda kan ƙashin ƙugunsu ke mutuwa su koma ɗingishi suna da ƙuruciya. Ki duba lissafin da kyau: ƙashi, al'ada, garkuwar jiki, duk abin da rama ta riga ta raunana, shi deksa ke ƙarasawa. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Ba zan manta da wata yarinya ba da aka kawo mana wata biyu bayan bikinta, fuska a cike, ƙafafu kamar sillen kara, tana numfashi da ƙyar. Ramar da aka ba ta maganin dominta tun farko tarin fuka ce. Deksa ya ɓoye zazzaɓin, ya buɗe mata ciki, kowa ya yi murna an samu lafiya, cutar kuwa ta samu fili ta mamaye huhu biyu. Ta rayu, amma da huhun da ba zai koma kamar da ba. Da an gwada majinarta kafin bikin, da maganin wata shida na kyauta ya wadatar.

Dalilin da ya sa na ce kada a yanke maganin rana ɗaya shi ne, jiki yana da nasa sinadarin irin na deksa da wasu ƙananan ƙululai a saman ƙoda ke samarwa. Idan an daɗe ana shan na waje sai su kwanta barci. A cire na wajen kwatsam, ba na ciki ba na waje, jini ya faɗi, amai ya zo, mutum ya suma, har a rasa shi.

Yadda ake mayar da jiki

Ba sai kin jira sakamakon gwaji kafin ki gyara ci ba. Abin da ake nema shi ne ƙarin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, 300 zuwa 500 a rana a kan abin da kike ci yanzu, kuma kasuwarmu cike take da shi ba da tsada ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da wajen 120. Cikin tafin hannu na gyaɗa ya haura 150. Ƙwai ɗaya wajen 70, ga sinadarin gina jiki. Kin ga ke nan kunun gyaɗa da ƙosai da safe, gyaɗa ko kantun riɗi da dabino a jaka don tsakanin lacca, da ƙarin cokalin mai a kan wake da shinkafa ko ɗanwake, sun riga sun cike gurbin. Fura da kindirmo da yamma, awara, alale, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kifi ko hanta in an samu hali. Idan za ki iya, ki soya gero da waken soya da gyaɗa a niƙa miki su wuri guda ki riƙa dama kunu da garin, yana ajiyuwa a ɗakin makaranta.

Cikin da ya saba da kaɗan ba ya karɓar tulin abinci lokaci guda. Ki ci sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan, da agogo, ba sai yunwa ta kira ki ba, don a yanzu yunwarki ba abin dogaro ba ce. Kada ki cika ciki da ruwa kafin ci. Shayi ki raba shi da abinci da kamar awa guda, saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, lemo ko gwaiba kuwa suna taimaka masa. Nonon da za ki sha ya zama an dafa madarar kafin a kwantar, gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci kuma a zubar, tana da guba mai cutar hanta. Lemon kwalba da alewa za su ƙara miki siga ne kawai, ba jini ba tsoka. Azumin nafila ki ɗan jinkirta shi har ki murmure. Kuma don Allah kada ki sayi gyaɗar ledar nan da ake ba yara masu tamowa, wadda ta fara yawo a kasuwa ana sayar wa manya don ƙiba. Duk leda ɗaya daga bakin wani yaro aka fizge ta.

Ki riƙa ɗan motsa jiki mai sa tsoka aiki, kamar tsugunawa da tashi, ba gudu mai ƙona jiki ba, domin abin da zai ƙaru ya zama nama. Ki hau sikeli ɗaya sau ɗaya a sati, da safe. Rubu'in kilo zuwa rabin kilo a sati shi ne tafiya mai kyau. A wata huɗu, idan an gano dalilin an kama shi, kilo 4 zuwa 5 abu ne mai yiwuwa, wato ki koma kusa da inda kike da. Ba za ki zama mai jiki ba, don ba haka aka gina ki ba. Al'ada takan dawo idan nauyi ya dawo, wani lokaci da jinkirin 'yan watanni. Ki roƙi likita ya fara ba ki ƙwayar bitamin da ake kira folik asid tun yanzu, don amfaninsa ga jariri yana farawa ne kafin mace ta san tana da ciki, ku kuma tattauna ke da shi da angon ko ya kamata a ɗan saurara da ɗaukar ciki har jininki ya cika.

Idan kuwa kika suma, ko kika ga jini a tari ko bayan gida, ko zuciya na bugawa ba tsayawa, ko ƙafa ta kumbura, ko abinci ya ƙi zama sam, ko sikeli ya ci gaba da sauka duk da kina ci, wannan ba na jiran sati mai zuwa ba ne, a ranar za ki tafi.

Gwaggo kuma kada ki yi faɗa da ita. Ƙauna ce ta sa ta kashe kuɗinta, tana gudun a raina ki a gidan miji. Ki ce mata kin ji, amma kina so ta raka ki asibiti tukuna, ta taho da maganin a nuna wa likita. Na fi so ta ji bayanin da kunnenta, domin bayan ke akwai wasu 'yan matan a dangi da za a sa wa rana, kuma ita za a sake aika wa kemis.